Yadda za ka karanta alamun hanyar keke a Birtaniya, ka kuma rabu lafiya da direbobi

A watan farko da na fara zuwa aiki da keke a Ingila, na bi wata hanyar keke da aka zana a gefen titi. Ina cikin tafiya sai zanen ya ƙare gaf da wani babban shataletale, ga ɗan allo shuɗi a jikin turke yana cewa hanya ta ƙare. Ba a nuna mini inda zan bi ba. Na shiga cikin motoci a tsorace, na manne da bakin titi, wata mota ta wuce ni har iskarta ta kaɗa ni. Yau ina ganin 'yan'uwanmu ɗalibai da masu kai abinci gida-gida suna faɗawa cikin irin wannan, kuma raina yana ɓaci, domin abin da zai tsare su ba ya wuce karatun yini ɗaya.

Ka fara da gyara hannunka. A Birtaniya hagu ake bi. Najeriya ta bar hannun hagu tun 1972, Gana a 1974, don haka jikin yawancinmu dama ya sani. A miƙaƙƙen titi ba za ka manta ba. Inda mutum yake mantawa shi ne lokacin fitowa daga lungu da sassafe babu mota ko ɗaya, ko a shataletale, inda na hannun damanka ne ke da hanya. Ka yi kwana biyu kana zagaya unguwa kafin ka hau babban titi.

Daga nan sai alluna. Kada ka fara da kallon hoton da ke ciki. Siffar allon da launinsa za ka fara gani, su ne ke ɗauke da hukuncin.

Da'ira umarni ce. Idan shuɗiya ce da farin keke a tsakiya, hanyar ta masu keke ce kaɗai. Idan fara ce mai jan baki da baƙin keke a tsakiya, an hana hawa keke a nan. A wannan allon ne baƙi suka fi ruɗewa, kuma ban ga laifinsu ba: ba a ja layi a kan keken an soke shi. Mutum zai ga hoton keke ya ɗauka maraba ake yi masa, alhali kora ce. Jan baki a da'ira, a kowane allo ka gan shi, hani ne. Shuɗiyar da'ira mai keke da mutum tare tana nufin kai da masu tafiya a ƙasa kuke raba hanyar. Idan akwai farin layi a tsaye tsakanin hotunan biyu, kowa da ɓangarensa, ka tsaya a naka. Idan babu, a gauraye kuke, sai ka rage gudu ka kaɗa ƙararrawa tun daga nesa. In ba ka ga irin wannan allo ba, kada ka hau dakalin masu tafiya a ƙasa. Dokar da ta hana hakan a Ingila da Wales ta 1835 ce, har yanzu tana aiki, kuma ɗan sanda yana iya cin ka tarar fam 50 nan take.

Allo mai kusurwa uku da jan baki gargaɗi ne. Keken da ke cikinsa yana gaya wa direba ne cewa akwai masu keke a gaba.

Shuɗin allo mai kusurwa huɗu kuwa bayani ne ko shawara. A cikinsu akwai wanda aka rubuta wa "Cyclists Dismount", wato masu keke su sauka. Shi kansa ba doka ba ne, amma ka dubi dalilin da ya sa aka kafa shi: wataƙila gada ce mai ƙunci, ko kuma daga nan dakalin ya koma na masu ƙafa zalla. In haka ne ka sauka ka tura, ko ka koma kan titi. Wani farin allo kuma yana ƙarƙashin alamar "ba a shiga", an rubuta "Except cycles": motoci ne aka hana, kai kana iya shiga, amma ka sa a ranka direban da ke tahowa bai yi zaton ganinka ba.

Za ka kuma riƙa ganin ƙananan alamu masu lamba a cikin jan akwati. Na babbar hanyar keke ta ƙasa ne, wadda ƙungiyar Sustrans ta fara shimfiɗawa a 1995. Lamba a cikin baka biyu tana nufin ba ka kan waccan hanyar tukuna, wannan ce za ta kai ka gare ta. Gaskiya alamun nan ƙanana ne, wasu sitika ce kawai a jikin turken fitila, ganye ya rufe wasu, wasu an juya su. Hanyar da za ka bi zuwa aiki ranar Litinin, ka gwada ta ranar Lahadi.

Mataki na gaba, ka dubi ƙasa. Farin layi mara yankewa tsakaninka da motoci yana nufin an hana direba shiga ko ajiye mota a ciki a lokutan da layin ke aiki. Mai yankewa shawara ce, direba yana iya shiga in ya zama dole. A wasu danjoji akwai akwati mai hoton keke a gaban layin tsayawar motoci. Naka ne, ka shiga ka tsaya inda direba zai gan ka. Jar danja kuma ta hau kanka kamar yadda ta hau kan mota.

Abin da ya fi haddasa faɗa shi ne wannan: littafin ƙa'idojin hanya na ƙasar, Highway Code, bai tilasta maka bin hanyar keke ba. Ya bar wa mai keke ya duba ya zaɓi abin da ya fi masa aminci. Direbobi da yawa ba su san haka ba, shi ya sa za ka ji hon da ihu idan ka bar layin da ya cika da kwalabe, ko wanda ya bi ta jikin ƙofofin motocin da aka ajiye. Ka bar tsakaninka da motar da ke ajiye faɗin ƙofa, kamar mita ɗaya. Ƙofar da aka buɗe ba zato tana iya jefa ka ƙarƙashin motar da ke bayanka.

An sabunta littafin nan a ranar 29 ga Janairun 2022 domin Ingila da Scotland da Wales, kuma ya kamata kowane mai keke ya haddace abu uku daga ciki. Direban da zai wuce ka yana gudun da bai haura mil 30 a awa ba, ya ba ka aƙalla mita ɗaya da rabi, in ya fi haka gudu ya ƙara. Direban da zai sha kwana kada ya yanke maka hanya idan kai miƙewa za ka yi. Kai kuma an ba ka shawarar ka hau tsakiyar layi a titin da babu cunkoso, ko inda motoci ke tafiya a hankali, ko idan ka doshi mahaɗa. A titi mai motoci masu gudu, ka bar aƙalla rabin mita tsakaninka da bakin titi.

Wannan na ukun, wato hawa tsakiyar layi, ya fi wuya a zuciya. An rene mu da kawaici, muna ganin matsawa gefe shi ne ladabi. Amma wanda ya manne da bakin titi yana gaya wa direba cewa akwai wurin kutsawa, ko da babu. Ka waiga, ka miƙa hannu, ka shiga tsakiya kafin wurin ya ƙuntata. In ya buɗe ka matsa hagu, ka ɗaga wa direban hannu. Wannan ɗaga hannun yana kashe wuta fiye da yadda kake zato. Haka littafin ya ɗora maka nauyin mai tafiya a ƙasa, domin kai ne mai iya ji masa ciwo.

Babbar mota da bas kuwa, kada ka taɓa kutsawa ta hagunsu kusa da mahaɗa, ko da zanen hanyar keke ya bi ta nan. Tirela takan fara buɗewa dama kafin ta sha kwana hagu, kuma akwai wuraren da direbanta ba ya gani. Ka tsaya a bayanta. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara.

Idan direba ya sauke gilashi ya fara faɗa, yawanci za ka ji yana cewa ba ka biyan harajin titi. An soke wannan harajin tun 1937. Abin da masu mota ke biya yanzu yana shiga baitulmali ne, daga nan ake gyara tituna da kuɗin kowa, har da naka. Ka san wannan domin zuciyarka ta natsu, amma kada ka tsaya muhawara a tsakiyar titi, kada ka bugi motarsa, kada ka bi shi. Ka riƙe lambar motar da lokaci da wuri. Rundunonin 'yan sanda da yawa suna karɓar bidiyo ta intanet, don haka ƙaramar kyamara a jikin keke tana da amfani, sai dai ka tura da wuri, cikin 'yan kwanaki. Kuma ka tabbata naka ɓangaren a gyare yake: daga faɗuwar rana zuwa fitowarta doka ta wajabta farar fitila a gaba da ja a baya.

In har an buge ka, ka fita daga kan titi in kana iya motsi, ka kira 999 idan akwai rauni. Dole ne direban ya tsaya ya ba da sunansa da adireshinsa da lambar motar. Ka ɗauki hoton wurin da keken da allunan da ke kusa, ka karɓi lambar wayar wanda ya shaida, ka je a duba ka ko da kana jin garau, domin ciwon faɗuwa sau da yawa sai washegari yake tashi. Idan direban ya gudu ko ba shi da inshora, ka kai rahoto wurin 'yan sanda, sannan ka nemi Motor Insurers' Bureau, wadda aka kafa domin biyan diyya a irin wannan hali.