Yadda Ake Bibiyar Tsuntsaye Masu Ƙaura da Dare ta Radar Yanayi

Yawancin ƙananan tsuntsayen da ke barin Turai da Asiya zuwa Afirka da dare suke tafiya, kuma gaɓar Bahar Maliya, daga Yanbu zuwa Jidda har Jizan, tana kan hanyarsu. Daga Satumba zuwa Nuwamba sukan yi kudu, daga Maris zuwa Mayu su koma arewa. Radar da ke auna ruwan sama tana kama su, domin jikin tsuntsu yana mayar da igiyar na'urar kamar ɗigon ruwa.

Ka zaɓi daren da babu hadari. Ka buɗe taswirar radar hukumar yanayi ta Saudiyya tun kafin magariba, ka duba agogon hoton: in na UTC ne, wato lokacin bai-ɗaya na duniya, ka ƙara awa 3 don samun lokacin Saudiyya. Minti 30 zuwa 45 bayan faɗuwar rana za ka ga launi marar ƙarfi, galibi ƙasa da 30 dBZ (ma'aunin ƙarfin igiyar da ta dawo), ya fara buɗewa kamar da'ira kewaye da tashar radar. Tashin tsuntsayen ke nan.

Bakin da'irar nan ba shi ne ƙarshen tsuntsayen ba. Igiyar tana fita a karkace da rabin digiri, kafin ta yi kilomita 100 ta haura kusan kilomita ɗaya da rabi, ta bar yawancinsu a ƙasa. Ta gabas kuma duwatsun Sarawat na iya tare ta.

Babban aikin shi ne rarrabe tsuntsaye da sauran abubuwan da radar ke kamawa, kuma a nan aka fi yin kuskure. Ruwan sama curi-curi yake zuwa, yana ratsa taswira ba ruwansa da tasha. Jemagu daga wuri guda suke ɓarkowa, su yi zobe. Ƙura da ƙwari kuwa, har da fara, iska suke bi. Saboda haka ka samo saurin iskar sama ta daren, ka cire shi daga saurin da radar ta nuna. In abin da ya rage bai kai mita 5 a daƙiƙa ba, ƙwari ne. Tsuntsaye sukan yi mita 8 zuwa 15, wani lokaci ma suna yanke iskar.

A daren zafi mai damshi, igiyar kan lanƙwaso ta bugi teku ko ƙasa. Wannan yana yawan faruwa a Bahar Maliya. Alamarsa ɗigo-ɗigo masu ƙarfi da ba sa motsi.

In taswirar ta fito fes a tsakiyar Oktoba, mai yiwuwa an tace duk abin da ba ruwan sama ba kafin a wallafa ta. Sai ka nemi ɗanyen bayani daga hukumar, ka sarrafa shi da manhajar bioRad, wadda ke aiki da abin da ke tsakanin kilomita 5 da 35 daga tashar. Don tabbatarwa, ka sa tabarau mai hangen nesa a kan wata daren sha huɗu, ka ƙirga masu giftawa cikin minti 10, ka rubuta inda suka dosa.