Yadda za ka kalli zangon farko na Fresh Prince of Bel-Air da yaranka

Kada ka bar yara su fara sanin wannan shirin barkwanci ta guntayen bidiyon rawar Carlton, ɗaya daga cikin yaran shirin, da ke yawo a waya. Ka zaunar da su ku fara daga kashi na ɗaya, wanda tashar NBC ta Amurka ta haska ranar 10 ga Satumba, 1990. Zangon farko kashi 25 ne, kowanne minti ashirin da 'yan kai. A gidana biyu-biyu muka riƙa kallo bayan sallar isha, Juma'a da Asabar kawai, muka gama cikin mako bakwai.

Kafin ka kunna, ka ba su labarin a taƙaice. Yaro ne mai suna Will daga yammacin Filadelfiya, faɗa ya haɗa shi da 'yan daba a filin ƙwallon kwando, uwarsa ta tsorata ta tura shi riƙo gidan ƙanwarta Vivian a Bel-Air, unguwar attajirai a Los Anjeles. Ka faɗi kalmar riƙo ɗin da bakinka. Ranar da na faɗe ta, ɗan yayata da ke zaune a wurina ya ajiye cokali ya matso kusa da talabijin, kuma daga nan bai ƙara cewa shirin tsofaffi ba ne.

Ka ajiye rimot a hannunka, don akwai wuraren da dole ka tsayar. Na farko shi ne ƙarshen kashi na ɗaya. Will ya gaya wa mijin ƙanwar uwarsa, wanda mu a gida muke kira Kawu Phil, cewa kuɗi sun sa ya manta inda ya fito. Phil, babban lauya, ya amsa masa cewa Malcolm X ɗin da Will ya liƙa hotonsa a bango, wato ɗan gwagwarmayar 'yancin baƙar fata, shi da kunnensa ya saurari jawabinsa. Ya fita, yaron ya zauna gaban fiyano yana zaton ba kowa, ya fara buga wani kiɗan Beethoven a hankali. Phil ya tsaya daga baya yana kallonsa, bai ce uffan ba. Ka tsayar a nan ka tambayi yaran wa ya raina wa. Nawa sun yi ta gardama har shayi ya huce.

Kashi na huɗu iyayen Phil ne suka zo daga ƙauyensu a Karolina ta Arewa, tsohuwa tana ta ba da labarin ƙuruciyarsa a gona har da aladen da yake kiwo, shi kuwa kamar ƙasa ta tsage ya shige. Wannan ba ya bukatar bayani, duk wanda ya taɓa jin kunyar tsohuwarsa a gaban baƙi zai gane.

Kashi na shida shi ne mai nauyi. Will da Carlton, ɗan Kawu Phil, suna tuƙa Marsandi ta abokin aikin Phil zuwa Palm Springs, 'yan sanda suka tare su suka tsare bisa zargin satar mota. Bayan an sake su, Carlton ya dage cewa jami'an aikinsu kawai suke yi, tunda tafiyar hawainiya suke yi a kan hanya. Uban ya ce shi ma haka ya tambayi kansa ranar da aka fara tsayar da shi. Kafin wannan kashi ka ɗan yi wa yaran bayanin yadda baƙar fata ke fama da 'yan sanda a Amurka, in ba haka ba za su yi dariya su wuce. A ganina a nan shirin ya nuna ba barkwanci kaɗai ya zo yi ba.

Ga wani wasa da yara ke so. Will Smith, wanda ya fito a matsayin Will, yana da shekara 21 lokacin, mawaƙi ne mai lambar Grammy amma sabon shiga a wasan kwaikwayo, don haka yakan haddace maganar kowa. Ka ce su zuba wa bakinsa ido a kashi na biyar, wanda ɗan wasa Don Cheadle ya fito a matsayin abokinsa daga Filadelfiya. Za su ga leɓensa na motsi yana bin maganar wani. Autata ce ta fara kamawa, har yau tana yi mana gori.

Ka kunna rubutun magana a ƙasa, domin Turancin titi ne na shekarun 1990, ni kaina wani yana wuce ni. Kuma ka fara kallon kowane kashi kai kaɗai, tunda Will ba ya ganin budurwa ya ƙyale, akwai zantukan da ba za ka so jin su a gaban ƙananan yara ba. Ni na tsallake biyu.

Shirin ya kai zango shida, kashi 148, ya ƙare a 1996. In kun ci gaba, ka sanar da su tun da wuri cewa fuskar Vivian za ta canza a zango na huɗu: Janet Hubert ta bar shirin cikin rashin jituwa, Daphne Maxwell Reid ta gaje ta. Sai a taron tuna baya na 2020 Hubert da Will Smith suka zauna suka shirya a gaban kyamara. James Avery, wato Kawu Phil, bai ga wannan ba, ya rasu a ranar ƙarshe ta 2013. A 2022 an sake gina labarin da sunan Bel-Air, babu dariyar 'yan kallo, zafi ya fi yawa. Wannan na manya ne, ban nuna wa nawa ba tukuna, duk da ɗan yayata yana ta naci.