Yadda Ake Ɓoyayyar Kalmasa da Keken Ɗinki

Masu kawo wandon kwat da siket na ofis a shagunanmu na Agege da Obalende ba sa son ganin layin zare a bakin ƙafa. Baƙin keken Butterfly ɗinki miƙaƙƙe kawai yake yi, don haka sai keke mai zigizaga, da ƙafar keke (abin da ke danne yadi) mai ɗan ƙarfe a tsakiya.

Juya kayan ciki ya koma waje, ka daje bakin yadin kada ya warware. Naɗe inci ɗaya da rabi, ka danne da guga, ka kafa fil. Kar ka yi wasa da gugar nan, ita ce rabin aikin.

Sai ka lanƙwasa kalmasar baya zuwa fuskar yadin, ka bar kwatan inci ya leƙo ta dama. Jingina lanƙwasar da ƙarfen ƙafar. Zaɓi ɗinkin da ke tafiya miƙe sannan ya yi tsalle ɗaya hagu, tsawo milimita 2.5, allura lamba 14, zare kalar yadin sak.

Tsallen nan shi ne komai: allurar ta ciji zare ɗaya ko biyu na lanƙwasar kawai. In ta ci da yawa, ɗinkin zai fito ɓaro-ɓaro a waje, sai ka rage faɗin tsallen. In ta kuskure, kalmasar za ta saki a wankin farko. Yadin ya tattare? Sassauta zaren sama. Gwada a ƙyalle tukuna.

In ka gama, cire fil, buɗe, ka goge ta ciki.