Ga masu shigowa Maraɗi da injin milin: kada ku yi saurin kwance injin tura tebur

Duk shekara ana samun 'yan'uwa masu aikin ƙarfe daga Katsina, Kano ko Gusau da ke ɗauko injin milin, wato injin sassaƙa ƙarfe, su tsallako ta Jibiya da Ɗan Isa, su kafa wurin aiki a zaure ko a bayan gida nan Maraɗi. Muna yi muku maraba. Garin masu sana'a ne, kuma Katsinawa ne suka kafa shi, har gobe Sarkin Katsina ake ce wa sarkin garin, saboda haka ba za ka rasa mai jin maganarka ba. Abin da ke ba mu haushi kuskure ne guda da ake ta maimaitawa. Mako biyu da sauka, sai ga yaro an aiko, wai ɗan injin nan da ke tura teburin injin milin ya mutu, ko muna da fanel, wato allon lantarkin cikinsa, na sayarwa.

Fara da batun takardu. Riƙe katin shaidarka, ka nemi wanda ya riga ka zuwa ya raka ka ofishin magajin gari da na haraji. Lissafin kuɗi kuwa kwana biyu ne: dala sefa 5, jika sefa 1000. Sai kalmomin aiki, waɗanda a nan daga Faransanci suka fito. Wuta kuran ce, janareta gurup, fis fizibil, burushin moton lantarki kuma sharbon. Idan ka ce moto kana nufin na lantarki, babur za a nuna maka.

Inda ake shan wuya shi ne wutar gidan haya, kuma yawancin abin da ake kira lalacewar injin tura tebur daga nan yake farawa. Kafin ka biya kuɗin haya, ka ce maigida ya nuna maka mita da madatsar da ke kusa da ita, wadda ake kira dijonkitar. Nijelek, kamfanin wutar Nijar, kan saita ta daidai da ƙarfin wutar da aka yi rajista, ta sa mata hatimi. Gidan da aka yi wa rajistar fitila da fanka ba zai ɗauki injin milin ba, kuma cire hatimin nan laifi ne, kada wani ya ruɗe ka da cewa zai gyara maka da dare. Idan mita ɗaya ce da sauran 'yan haya, ku yi magana a gaban shaidu kan ƙarin ƙarfi ko mita taka ta daban, da wanda zai biya, a rubuta. Sabon zuwa kan ji kunyar tambaya don maigida ya karɓe shi da fara'a da fura. Kunyar nan ita ke komawa rigima a ƙarshen wata idan takardar kuɗin wuta ta zo.

Yanzu ka sunkuya ka karanta ƙarfen da ke manne a jikin injin tura tebur ɗin. Galibin waɗanda ke zuwa da injinan gwanjo, irin su Servo da Align da kwaikwayonsu na Sin, bolt 110 suke ci. Wutar bangon Maraɗi 220 ce. Da yawa ba su san cewa a tsohon shagonsu akwai taransifoma a ɓoye cikin akwatin injin ko a bango ba, wadda aka baro wajen kwashe kaya. Sai a yanke filogi, a sa mai zagayen baki irin na nan, a cusa. Ƙara ɗaya za ka ji da ƙaurin ƙuna, fanel ya tafi.

Taransifomar da za ka saya ta zama mai nauyi, mai ƙarfe da kwayil. Injin yana jan kusan amfiya 3, a bolt 110 ke nan wat 330, to ka nemi mai 500. Akwai wasu ƙanana marasa nauyi na matafiya, da aka yi don dutsen guga da hita. Waɗannan yanka wuta kawai suke yi, kuma suna kashe fanel.

Ga wani tarko da ko tsofaffin hannu ke faɗawa. Filogin Nijeriya mai ƙafa uku ta fuska ɗaya yake shiga. Mai ƙafa biyu zagaye kuwa yana shiga ko ta yaya ka juya shi. Yawancin taransifomomi masu araha kwayil ɗaya ne da su, shiga da fita a haɗe. Idan filogin ya juya, mitar gwaji za ta nuna 110 tsakanin wayoyin fita biyu, ka ce lafiya lau, alhali ɗayarsu tana ɗauke da 220 idan aka auna ta da ƙasa. Auna kowace waya da ƙasa. Dole ɗaya ta nuna kusan sifili. In ba haka ba, juya filogin, ka ɗiga masa fenti don yaran shago su gane. Wannan awon kuwa ba zai yiwu ba sai da wayar ƙasa ta gaskiya, wadda gidajen haya da yawa ba su da ita. Kafa sandar jan ƙarfe mai tsawon mita ɗaya da rabi zuwa biyu, ka ɗaure ta da jikin injin da waya mai kauri. Ƙasar nan rairayi ce mai bushewa, don haka ka kafa ta inda ake yawan zuba ruwa, kamar wurin alwala.

Ka auna wutar bango sau uku a yini ɗaya, da safe, da azahar, da bayan magariba. Taransifoma rabawa biyu kawai take yi. In bango ya sauka 180, injinka 90 yake samu, sai ya riƙa ja da ƙyar yana zafi. In ya hau 250, ya samu 125. A watannin Afirilu da Mayu, lokacin da kowa ya kunna fanka da firiji, ko kuma in maƙwabcinka mai walda ne, za ka ga lambar tana rawa. Layin da ke ciyar da yankin nan daga Katsina yake shigowa ta Gazawa, kuma waɗanda ke nan a Agustan 2023, da Nijeriya ta yanke wutar, sun koma kan gurup na watanni. Kada ka haɗa injin tura tebur da na'urar walda a ƙaramin gurup ɗaya. Duk sanda mai walda ya ɗaga hannu wuta kan yi tsalle, fanel ne ke shan dukan.

Sai ka tabbatar 110 tana isa, sannan ka waiwayi injin kansa. Tun kafin ka taɓa sukurdireba, alamunsa za su gaya maka inda ciwon yake. Idan fitilarsa ba ta kama ba sam, danna maɓallin kariya da ke jikinsa, ko ka duba fis, sannan makunni da wayar shiga, musamman inda take lanƙwasa a bakin akwati. Idan maɓallin yana ta faɗuwa, kafin ka zargi lantarki ka saki makullan tebur, ka juya hannun da kanka. Tebur mai tauri, ko giyar tagullar da aka matse ba tare da isassun siraran washa ba, su ke sa moton jan wuta fiye da kima.

Fitila ta kama amma tebur na tafiya gefe ɗaya kawai? Je ka makunnin iyaka, ɗan akwatin nan da ke gaban tebur wanda ƙarafan tsayawa biyu ke dannawa. Garin ƙarfe da mai da ƙurar hunturu kan cushe shi ya maƙale a danne. Zare wuta, ka danna shi da yatsa, ya kamata ka ji ƙas, ya dawo da kansa. In yana lafiya, gwada wayarsa da mita kana murza ta, don takan karye a ciki roba na nan garau. Bayan shi sai ƙananan makunnai biyu da sandar zaɓen gefe ke taɓawa a ciki. Sau da yawa ba su mutu ba, sukurunsu ne ya saki suka goce.

Idan maɓallin gudu, wanda ake dannawa tebur ya ruga da sauri, yana aiki amma tafiyar yanka ba ta yi, moto da burushi sun fita daga zargi, saura abin murza gudu da fanel. Abin murzawar nan bolum ne irin na rediyo mai ƙafa uku. Cire wayoyinsa, ka auna ƙafafun gefe biyu, su ba ka lambar da ke rubuce a bayansa. Sannan ka auna ta tsakiya da ta gefe kana murzawa a hankali, lambar ta hau sumul ba tsalle. In kuwa injin gudu ɗaya yake yi, na ƙarshe, ko ina ka kai bolum, to ko maɓallin gudu ya maƙale, ko tiristo ɗin da ke kan fanel, mai ƙayyade wutar da ke zuwa moto, ya haɗe. Masu gyaran rediyo da talabijin na garin nan sun iya canza shi, kuma ya fi jiran sabon fanel daga Kano sauƙi. Ɗauki hoton wayoyi kafin ka zare ko ɗaya, kada garin gyaran gira a rasa ido.

Tafiya da fizga, musamman a ƙaramin gudu, aikin burushi ne. Kwance murafunsu biyu na roba, ka zaro su, ka lura da yadda kowane ya zauna. In sun ci fiye da rabi ko sifirin ya yi laushi, canza duka biyun. Leƙa jan ƙarfen da suke gogawa. Zafin nan kan narkar da giris ya gangaro ya haɗu da garin burushi ya zama baƙin kunu. Goge shi tas, ka bi da takardar yashi mai laushi, ka kakkaɓe tsakanin sandunan jan ƙarfen da tsinke. Auna sanduna biyu-biyu masu maƙwabtaka har ka zagaye, lambobin su zo kusa da juna, kuma tsakanin sanda da ƙarfen tsakiya kada mita ta nuna komai. In ta nuna, sai wurin mai naɗin kwayil.

Moto na kuka tebur na tsaye, wannan ba lantarki ba ne. Buɗe murfin ƙasa, za ka tarar giyar roba ta zubar da haƙora. Da gangan aka yi ta da roba don ita ta karye a madadin moto, saboda haka kada ka feƙe ta ƙarfe ka sa, ko da kana da injin yin ta a gabanka.

Ranar da za ka mayar da fanel ɗin da aka gyara, ka jera ƙwan fitila mai zare na wat 100 a kan wayar shiga, sandar gefe tana tsakiya. In ƙwan ya haska sosai ya tsaya haka, akwai sauran haɗuwa a ciki, zare ka koma wurin mai gyara. In ya yi ja kaɗan ko bai kama ba, cire shi ka haɗa kai tsaye, ka fara da ƙaramin gudu, tebur na tsakiya, hannunka kusa da makunni.