Kurakuran da makiyayanmu ke yi wajen rigakafin boru

Daga Mai Wurno har Gadarif a Sudan, ƙorafin ɗaya ne: an yi wa shanu allura, ga boru, wato ciwon baki da kofato, ya sake shiga garke, bakin shanu na dalala, kofato ya tsage, nono ya ƙafe. Sau da yawa ba allurar ce da laifi ba.

Babban kuskure shi ne ɗaukar ta kamar allurar bushiya, tsohuwar annobar nan mai kashe shanu. Dattawanmu sun saba da waccan, sau ɗaya ake yi ta riƙe saniya har tsufa, da ita ma aka kawar da bushiya daga duniya a 2011. Ta boru daban take. Da matacciyar ƙwayar cuta ake haɗa ta, kuma garkuwar da take sa jiki ya gina takan yi rauni bayan wata huɗu zuwa shida. Dabbar da ba a taɓa yi wa ba tana bukatar ta biyu bayan kamar wata guda, daga nan sai duk wata shida.

Ga kuma maganar iri. Ƙwayar boru iri bakwai ce, rigakafin wani irin ba ya tare wani. A Sudan an samu O, A, SAT1 da SAT2, don haka ku sa likitan dabbobi ya duba abin da ke rubuce a kwalbar kafin ku biya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kwalbar da ta wuni a aljihu ranar kasuwa. Zafi na wargaza ɓawon ƙwayar, wanda shi ne jiki ke ganewa ya shirya mata. Tsakanin digiri 2 zuwa 8 ake ajiye allurar, kada kuma ta daskare. Masana na aiki a kan sabon rigakafi na ɓawo zalla, marar abin da ƙwayar ke hayayyafa da shi, mai jure zafi. Da shi ba sai an riƙa renon ƙwaya mai rai a masana'anta ba, irin wadda ta sulale ta kama shanu a Ingila a 2007. Kafin ya iso gare mu, kula da ƙanƙara dole ne.

Maganin Teramaisin ba ya kashe boru, gyambon kawai yake hana ruɓewa. Rigakafi ma ba ya warkar da wadda ta riga ta kamu. Saniyar da kuka sayo a kasuwa kuwa, ku ware ta kwana 14, da wurin shan ruwanta daban, kafin ta shiga garke.