Yadda ake gano tsiron bargo a cikin ƙoƙon kai ta hanyar hoto

Bargon ƙashi ne ke yin jini. Idan ya gaza, kamar a masu sikila, ko talasimiya (wata cutar jini ta gado), ko cutar da ke ƙandarar da bargo, sai jiki ya nemi wani wurin yin jinin. Yawanci hanta da saifa ke ɗaukar aikin, ko gefen ƙashin baya. Can ba a rasa ba, naman da ke yin jini yakan tsiro a cikin kai, a jikin fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa, ya danne ta. Ba cutar kansa ba ce, amma a hoto kamarsa ɗaya da ƙarin da likitoci ke kira meninjiyoma. Nan ne ake yin tuntuɓe.

Abu na farko, kada a zauna. Mai sikila da ciwon kai ya ƙi tafiya, ko amai da safe, ko gani biyu-biyu, ko jijjiga, ko hannu ya yi nauyi, a kai shi asibiti ranar. Shanyewar ɓarin jiki ma tana iya zuwa da irin alamun nan, ta kuma fi wannan tsiro yawa nesa ba kusa ba, kuma ba ta jiran a gama girbi. Rubutun sha da hayaƙi ba za su nuna abin da ke cikin kai ba.

Daga asibitin karkara za a ba ku takardar turawa. Mutanen Jigawa kan bi ta Rasheed Shekoni a Dutse ko asibitin tarayya na Birnin Kudu, na Kano kuma Murtala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Kafin ku hau mota, ku haɗa katin asibiti, takardar jinsin jini, sakamakon gwajin jini na baya, da tsohon hoto in akwai, ku sa a leda saboda ruwa. Ku roƙi likita ya rubuta cutar jinin ƙarara a takardar neman hoto, har da sau nawa aka yi ƙarin jini. Mai karanta hoton sau da yawa ba ya ganin majinyacin, takardar nan kaɗai yake gani. Layi ɗaya na iya sauya abin da zai rubuta.

Yawanci da hoton da ake kira CT ake farawa, mintuna kaɗan an gama. Yana nuna zubar jini, yana kuma nuna ƙashin kai ya yi kauri, wani lokaci da zane-zane a tsaye kamar gashi, alamar bargo yana aikin da ya fi ƙarfinsa. Sai hoton MRI, wanda ya fi fito da naman da ya tsiro. Shi yakan ɗauki rabin awa zuwa minti 45, da ƙara kamar injin niƙa. A cire 'yan kunne, fil ɗin mayafi, laya mai ƙarfe, a goge kwalli. Mai ciki ta faɗa, mai ƙarfe a jiki ma ya faɗa. Za a iya gwada ƙoda kafin allurar da ke haska hoton. Yaron da ba zai kwanta shiru ba a kan ba shi maganin barci, don haka ku tambayi batun abinci tun daren jiya.

In an ga tsiro, kada ku yi gaggawar amincewa da tiyata ko gutsurar nama kafin likitan jini ya gani, domin naman nan cike yake da jijiyoyi, yana zubar da jini sosai. Akwai hoton da ake yi da sinadarin teknishiyam wanda bargo ke zuƙa, ya tabbatar da shi ba tare da wuƙa ba, sai dai ba kowane asibiti ke yin sa ba. In ya tabbata, ƙarin jini akai-akai, ko maganin haidiroksiyuriya, ko ɗan gashi kaɗan da hasken na'ura a asibiti kan rage girmansa. Ku karɓi faifan hoton da rubutaccen sakamako ku adana, da su za a gwada hoto na gaba.