Kurakuran da sababbin shiga ke tafkawa wajen kamun turawut da kaka a duwatsun Simoki

Duk shekara da zarar Oktoba ta kama ganye ya fara ja, sai ƴan uwanmu mazauna Amurka su fara nemana wai in kai su kamun turawut, wato wani kifin ƙoramu masu sanyi, a gandun Simoki, wannan da ke kan iyakar Tenesi da Karolina ta Arewa, kuma wallahi na gaji da ganin abu ɗaya ana ta maimaitawa. To bari in zayyano su kowa ya huta.

Na farko ma tun daga gida ake yinsa. Mutum ya saba da su a dam ɗin garinsu, sai ya taho da tana a gwangwani ko gutsuren burodi. Malam a cikin gandun nan haramun ne, ƙudan ƙarya da aka ɗaure da gashin tsuntsu ko wani abin roba mai ƙugiya ɗaya kawai aka yarda da shi, kuma sai da lasisin ɗaya daga cikin jihohin biyu. Turawut 5 a rana, kowanne kada ya gaza inci 7. Tun 2023 ma mota idan za ta wuce minti 15 a ajiye sai ka sayi takardar fakin.

Amma babban abin da ke kashe mutane shi ne tunkarar ruwa. Da kaka ruwan ƙoramun nan ya ja baya, ya yi garau kana hango tsakuwar ƙasa ɗaya bayan ɗaya, to kamar yadda kake ganinta haka kifin yake ganinka, ya ma riga ka. Ni kakar shekarata ta farko gaba ɗaya a banza ta tafi, na sayi sanda mai tsada na ƙona mai ina ta zarya Little River, wani kogi a gandun, ina zuwa da farar riga in tsaya ƙiƙam a kan dutse inuwata ta faɗa tsakiyar gurbin, in yi ta wurga zare har kafaɗa ta yi tsami ina zagin ƙuda wai shi ne bai yi ba, ashe kifin tun takuna na farko ya shige ƙarƙashin dutse. Haba jama'a! Turawut kansa yana fuskantar inda ruwa ke gangarowa ne saboda ta nan abinci ke zuwar masa, don haka ta baya za ka zo masa, kana haurawa sama, a duƙe, in ta kama ka durƙusa ka durƙusa, ba wanda zai ce girmanka ya zube. Kaya kuma kore ko ruwan ƙasa. Ni yanzu in na iso gurbi sai na tsuguna bayan dutse na ɗan jima ina kallo kawai kafin in ɗaga sanda, wasu na cewa ɓata lokaci ne, su suka sani. Kuma wurgi biyu uku in bai taso ba wuce gaba, gurbin ya riga ya lalace.

Zare mai kauri ma yana korarsu, ni siririn ƙarshen nan 6X nake sawa in ruwa ya yi ƙasa, 5X da ya ɗan fi shi kauri in an ɗan yi ruwan sama (lambobin kaurin zare ne).

Sai ja. Ƙuda ya sauka kan ruwa amma igiyar ruwan ta fizgi zaren tana jansa yana tsaga ruwa, babu ƙwaron gaske da ke tafiya haka, kifin ba wawa ba ne. Matso kusa, ɗaga sandar sama zaren ya bar kan ruwa, ƙudan ya bi ruwa da kansa.

Yanzu ga wanda yake ɓata min rai da gaske. Turawut iri uku ne a nan, buruk da birawun da renbo. Kaka lokacin ƙwai ne ga buruk, wanda shi ne asalin ɗan ƙasa a duwatsun nan, da kuma birawun da aka kawo daga Turai, shi renbo sai sanyi ya wuce yake nasa. Macen takan share tsakuwa da wutsiyarta a inda ruwa bai da zurfi, galibi a bakin ƙarshen gurbi, sai ka ga wani fili fes ya fi kewayensa haske kamar faifai, nan ta zuba ƙwai ta rufe. Sabon shiga da ya ga wuri mai tsabta sai ya ce yauwa ga wajen taka ƙafa, ya bi ta kai da takalmi ya murƙushe na baɗi gaba ɗaya. Wani kuma ya ga kifi biyu sun tsaya a kai ba sa gudu sai ya dinga jefa musu ƙuda yana murna ya samu banza. Wannan rashin imani ne kawai. Buruk ɗin nan saran daji da kawo renbo sun kore shi daga mafi yawan ƙoramunsa ya koma can saman duwatsu, shekaru wajen 30 aka hana kama shi a gandun sai 2006 aka buɗe, wurare irin ƙoramar Lynn Camp Prong sai da aka sha wahala aka dawo da shi, kai kuma ka zo da ƙatuwar ƙafarka. Duk wanda na kai ya taka min gurbin ƙwai bayan na nuna masa, ba ya sake shiga motata. Ƙwan yana nan cikin tsakuwa har ƙarshen hunturu, saboda haka ko ba ka ga kifi a kai ba kewaye. Jera duwatsu ko tare ruwa da su don ɗaukar hoto shi ma doka ta hana.

Kama kifi da busasshen hannu yana goge masa santsin jikinsa, jiƙa hannu tukunna, hoto ɗaya ka sake shi. Ni har ƙayar ƙugiyar nake matsewa da filaya.

Sammako kuma bar shi sai rani. Da asuba ruwan ƙanƙara ne kifin ko motsi ba ya yi, ni sai hantsi ya dubi ludayi nake shiga, daga nan zuwa la'asar ne ƙananan ƙwari ke tashi musamman ranar da hadari ya rufe. Ganyen da ya jiƙe a kan dutse kuwa ya fi sabulu santsi, riƙe sandar dogarawa, waya a leda, kuma ka faɗa wa wani ƙoramar da ka nufa don can ciki babu sabis.